Tuwon Ƙasa da Motar Kara: Wa Ya Raba wa Yaranmu Wasa?

 Yau tarihin da za mu taɓa ba na sarakuna ba ne, na 'yan shekara uku zuwa shida ne.

Duk wanda ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san yadda abin yake. Yarinya na bakin zaure da gwangwani tana tuƙa tuwon ƙasa, 'yar tsana goye a bayanta. Yaro ya ɓare karan dawa ya ƙera mota, ko ya hau dokin kara, ko yana gara taya. Da sun ɗan tasa, mata su nufi gaɗa da carafke, maza langa da kokawa. Tambayata ita ce: halitta ce ta raba su, ko mu ne?

Rabuwar dai ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. A Amurka, Eleanor Maccoby da Carol Jacklin sun wallafa bincike a 1987, inda suka ga cewa ɗan shekara huɗu da rabi yana wasa da jinsinsa ninki uku na yadda yake yi da ɗaya jinsin. A shekara shida da rabi kuwa, abin ya kai ninki goma sha ɗaya. To amma irin wasan da kowane ɓangare ke yi, wannan kam gida ne ke koyar da shi.

Mu koma baya. Baba ta Karo, wata dattijuwa, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. A yarintarta, ƙarshen ƙarni na 19, 'ya mace uwa take bi ta koyi girki, ɗa namiji ya bi uba gona. Wasa share fagen aikin manya ne. Tuwon ƙasa madafi yake nunawa, dokin kara kuwa yana nuna duniyar da ke wajen zaure.

A shekarun 1970, Enid Schildkrout ta zauna a birnin Kano tana nazarin yara. Ta nuna cewa inda ake kulle, yara ne ƙafafun iyayensu mata: su ake aika, su ke talla. Ƙaramin yaro yana shiga kowane gida, sai ya girma a ce masa ba a shiga. Yarinya kuwa tallarta ce ke tara kuɗin kayan ɗakinta. Kun ga inda gizo ke saƙar? Shi wasansa yana ci gaba a waje, ita nata ya rikiɗe ya zama aiki. 'Yar tsanar ta koma ƙanin da za ta goya, gwangwanin ya koma faranti a ka.

Makaranta ma haka ta zo mana. Kwalejin Katsina ta fara a farkon shekarun 1920, maza zalla. Sai a 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka buɗe wa 'yan mata makaranta a Katsina. UPE ta zo a 1976, dokar UBE ta 2004 kuma ta sanya karatun ƙananan yara kafin firamare cikin ilimin bai-ɗaya. Yau Dutsin-Ma na da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga jami'ar tarayya tun 2011. Amma ku leƙa kasuwa ku ga kayan wasa: bindigar roba da mota na yaro ne, tukunyar roba ta yarinya.

Ni ba na cewa a raba yarinya da 'yar tsanarta, tausayi da kula ake koya a nan. Abin da nake cewa, yaron da ke ƙera motar kara awo da lissafi yake koya, kuma ita ma tana da hannu da ƙwaƙwalwa. Shi ma in ya goya 'yar tsana ba a kira shi ɗan daudu ba, gobe uba ne. Ga kuma rashin tsaro da ya rage wasan dandali da dare a ƙauyukanmu, filin yara sai ƙara matsewa yake.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye da malamai, a bar wa yarinya lokacin wasanta, a miƙa mata karan ita ma. Ku faɗa mana wasan da kuka yi a unguwarku.