Firi'am: Abin Da Ya Kamata Mai Ɗaukar Murya A Gida Ya Sani Kafin Ya Saya

Firi'am na'ura ce da ke karɓar siginar da ke fitowa daga makirufo, wadda ba ta wuce 'yan dubbai na bolt ɗaya ba, ta ɗaga ta zuwa matakin da kwamfuta za ta iya ɗauka. Da desibel ake auna wannan ƙari, kuma desibel 60 na nufin an ninka ƙarfin siginar sau 1,000. Ga matashin da ke shirya fodkas ko sharhin siyasa a ɗakinsa, wannan na'ura na cikin abubuwan da ke raba muryar da ake saurara har ƙarshe da wadda ake kashewa saboda shuuu.

Akasarin masu aiki a gida ba sa buƙatar firi'am mai zaman kansa. Akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta, wanda masu situdiyo ke kira sawunkad, yana zuwa da nasa a ciki. Irin su Focusrite Scarlett 2i2 da Audient iD4 da Behringer UMC202HD duk haka suke, kuma sun wadatar wa mai magana ɗaya ko biyu.

Makirufon da mutum ke da shi ne ke yanke hukunci. Nau'in kondensa yana fitar da sigina mai ƙarfi, amma ba ya aiki sai an ba shi wutar bolt 48 ta cikin waya, don haka dole na'urar ta kasance da maɓallin 48V. Illarsa ita ce kunne gare shi: yana kwaso ƙarar fanka da janaretan maƙwabta har da kukan zakara. Nau'in dainamik ya fi kawar da kai daga hayaniyar ɗaki idan an kusantar da baki, sai dai siginarsa rarrauna ce. Shure SM7B, wanda ya cika shirye-shiryen YouTube, yana son kusan desibel 60. Idan iyakar firi'am desibel 50 ne, sai an murɗa shi ƙurewa, a nan kuma shuuu ɗin na'urar ke bayyana. Scarlett 2i2 zubi na huɗu, wanda ya fito a 2023, yana kaiwa desibel 69, alhali zubi na uku ya tsaya a 56.

Wanda ya riga ya sayi sawunkad mai rauni ba sai ya yar da shi ba. Akwai ƙananan na'urori irin Cloudlifter CL-1 da ake sakawa tsakaninsa da makirufo, su ƙara kusan desibel 25 ta amfani da wutar bolt 48. Ba sa miƙa wutar ga makirufo, saboda haka ba su da amfani ga kondensa.

A takardar bayani a duba lambar EIN, ma'aunin hayaniyar da na'urar ke haifarwa da kanta. Wajen -128 dBu ya yi kyau. -120 ya fi hayaniya.

Inda wuta ba ta da tabbas, wanda ke cin wuta daga USB ya fi dacewa, domin batirin kwamfuta zai riƙe shi ko an ɗauke wuta ana tsakar hira. Cire cajar kwamfuta yayin ɗauka kan kawar da gunjin da wutar janareta ke jawowa, haka ma amfani da wayar XLR mai ƙafa uku. Mai sayen na hannu kuwa ya je da makirufonsa da abin kunnensa, ya murɗa maɓallin ƙari daga farko zuwa ƙarshe, ya saurara ko yana ƙaraf-ƙaraf.