Daga Bagaruwar Goggo zuwa Kwalbar Amurka

Ina ɗan shekara 15 a ƙauyenmu na gefen kogin Dindir ƙuraje suka feso mini a fuska. Goggo ba ta yi wata-wata ba, ta daka bagaruwa, wadda Larabawan Sudan ke kira garad, ta jiƙa, ta ce in riƙa wanke fuska safe da yamma. Iliminta na gado ne. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, sun iske itacen da suka baro a gida ga shi birjik a bakin Shuɗin Nilu. Da shi majema ke jima, can da nan.

Bayan shekaru ƙanwata ta zo da wata kwalba daga Khartum, an rubuta Witch Hazel a jiki, wai ita ce maganin ƙuraje. Da na bi salsalarsa, ashe labarin bai yi nisa da namu ba. Ƙaramin itace ne na gabashin Amurka, 'yan asalin ƙasar suna dafa shi don kumburi da rauni. A 1846 Theron Pond ya fara sayar da ruwansa, sunansa ne har yau a kan man Pond's. A 1866 gidan Dickinson suka shiga sana'ar a jihar Konetikat.

Abin da ya haɗa itatuwan biyu shi ne tanin, sinadarin nan mai bauri da ke ɗame fata. Sai dai da tururi ake tace ruwan kwalba, tanin kuwa ba ya bin tururi, a tukunya yake zama. Abin da ake saye ruwa ne mai ɗan ƙamshi da aka zuba wa alkohol kusan kashi 14 cikin 100. Jiƙon Goggo ma ya fi shi tanin!

Su kuwa ƙuraje daga cikin ramin gashi suke tasowa, inda maiƙo ya toshe, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama. Ɗame saman fata ba ya kaiwa can. Gwajin da likitoci suka yi da ruwan itacen shi kaɗai bai taka kara ya karya ba, saɓanin benzoyil feroksayid da aka daɗe ana gwadawa ana ganin aikinsa.

Nawa ƙurajen sun tafi da na haura 20, kamar na yawancin sa'o'ina. Har Goggo ta rasu, Allah ya jiƙanta, bagaruwa take yaba wa, ni kuma ban taɓa yi mata musu ba.