Benitoyit

Benitoyit ma'adini ne shuɗi mai ƙyalli, wanda ya ƙunshi sinadaran bariyom, titaniyom da silika. An gano shi a shekarar 1907 a gundumar San Benito da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Da farko an zaci saffaya ce, har sai da masani George Louderback ya tabbatar sabon ma'adini ne. A 1985 jihar ta ayyana shi a matsayin dutsenta na alfarma.

Ana gane shi da siffarsa mai kusurwa uku, da taurinsa na 6 zuwa 6.5 a ma'aunin Mohs, ƙasa da na saffaya mai 9. Idan aka haska shi da fitilar UV mai gajeren zango, sai ya ɗauki shuɗin haske mai kashe ido. Galibi yana binne cikin farin ma'adinin natrolayit, wanda ake narkarwa da asid don a fito da benitoyit ɗin.

Farashinsa ya danganta da zurfin launi, tsabta, girma da lafiyar kusurwoyi. Masu tara duwatsu sun fi daraja wanda ke zaune kan uwar dutsensa tare da baƙin ma'adinin neptunayit. Gogaggen benitoyit da ya haura karat ɗaya yana da wuyar samu.