Komawa Maƙera a Ƙasar Katsina: Ƙira Ba Tama

Wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar Kwaya ya kama hanyar Dutsin-Ma zai ratsa ƙauyukan da har yau fartanya da lauje da gatarinsu daga hannun maƙeri suke fitowa. Wasu kan kira wannan komawa ga sana'ar gargajiya. Maganar tana bukatar gyara, domin abin da aka koma wa rabin sana'ar ne kawai.

Kafin zuwan Turawa a 1903, aikin ƙarfe hawa biyu ne. Da fari akan haƙo tama a narka ta da gawayi, musamman na ƙirya, har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Daga nan ne maƙeran baƙi, watau masu aikin baƙin ƙarfe, za su ɗora shi bisa uwar maƙera, yaro yana zuga, su fitar da galma ko gizago ko magirbi. Maƙeran fari kuwa aikinsu kayan ado ne. Sarkin Maƙera ke shugabancin sana'ar, kuma gado ce.

Hawa na farko shi ya fara mutuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da ɓaragurbinsa suka cika kasuwa, suka fi na gida araha nesa. Ba dalilin da zai sa mutum ya yi kwanaki yana narka tama alhali ga tsohon ƙarfe a banza. Sannu a hankali masu sanin narkar suka ƙare, ilminsu ya bi su kushewa. Ƙirar kanta ba ta mutu ba. Nazarin Philip Jaggar kan maƙeran birnin Kano, wanda aka buga a 1994, ya nuna yadda suka riƙa sauya kayan aikinsu da abin da suke ƙerawa gwargwadon zamani.

Har wa yau, masana'antar mulmula ƙarfe da aka buɗe a Katsina a 1982 ba ta cike wannan giɓi ba. Rodi da waya ta riƙa fitarwa domin gini, kuma a wancan lokaci ɗanyen ƙarfenta daga Aladja ake jiran sa, can kudu. Manomi bai ga fartanya daga gare ta ba.

Abin da ya mai da jama'a maƙera shi ne tsada. Bayan tsarin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan waje suka gagari talaka. Maƙeri kuwa ya san ƙasar yankinsa, jigawa ce ko laka, yana ƙera ruwan fartanya daidai da ita, ya gyara bakin garmar shanu, wani lokaci ma ya jira kuɗinsa sai kaka. Sai dai ƙarfen da yake dukan nan tsohon sifirin mota ne, wanda aka narka a wata ƙasa, ya zo masa ta hannun 'yan gwangwan.