Tarihin Ɗaukaka Ƙara a Kan Jarrabawar 'Yan Shekara 11 a Ingila

A shekarar 1944, tun yaƙin duniya na biyu bai lafa ba, Majalisar Birtaniya ta zartar da dokar ilimi wadda aka fi sani da sunan wazirin da ya kawo ta, R. A. Butler, wadda ta wajabta wa hukumomin larduna su ba kowane yaro na Ingila da Wales karatun sakandare kyauta. Amma da yake malaman wancan zamani, irin su Cyril Burt, sun haƙiƙance cewa basira gado ce, ana kuma iya auna ta kamar yadda ake auna hatsi da mudu, sai hukumomi suka kasa makarantun gida uku, suka kafa jarrabawa guda a bakin ƙofa, ta lissafi da Turanci da gwajin kaifin hankali, wadda yaro zai ɗauka yana wajen shekara 11. Wanda ya ci ya tafi makarantar nahawu, hanyar jami'a da aikin alƙalami. Wanda bai ci ba, kuma su ne wajen uku cikin huɗu, ya tafi makarantar da aka laƙaba wa suna ta zamani, inda galibi ake fita da shekara 15 a nemi sana'ar hannu. Kashi na uku, na koyon fasaha, ba a gina da yawa ba.

To, uban da ya ga an zalunci ɗansa, ina zai kai kuka? A zahiri dokar ta ce a tarbiyyantar da yara bisa muradin iyayensu, muddin hakan bai ɓata koyarwa ko ya jawo almubazzaranci da dukiyar jama'a ba, amma a 1955, cikin shari'ar Watt da hukumar Kesteven, kotun ɗaukaka ƙara ta fassara wannan sashe da cewa ƙa'ida ce da hukuma za ta yi la'akari da ita tare da wasu, ba haƙƙi ne da uba zai tilasta ba. Saboda haka abin da ya rage masa shi ne ya roƙi shugaban makaranta ya sa baki, ko ya rubuta wa ofishin da ya yanke hukuncin tun farko, ko ya kai ƙorafi ga waziri a Landan, ko kuwa ya yi haƙuri har yaron ya kai shekara 13, lokacin da wasu larduna ke sake duba 'yan kaɗan. Wanda ake ƙara shi ne alƙali, kuma wannan, ko a wace shari'a, aibi ne babba.

Ga shi kuwa hujjoji sun yi ta taruwa cewa ma'aunin ba ma'asumi ba ne. Binciken Yates da Pidgeon na 1957 ya nuna cewa, ko an yi iyakar ƙoƙari, wajen yaro ɗaya cikin goma ana tura shi inda bai dace da shi ba. An kuma lura cewa rabon yaro ya danganta da yawan kujerun lardinsu, har makin da zai shigar da shi a Wales ya kasa shigar da shi a wani yanki na Ingila, kuma a wasu wurare ana neman maki mafi yawa daga 'yan mata don kada su rinjayi maza. Shi kansa Burt, bayan rasuwarsa a 1971, an tuhumi alƙaluman bincikensa a kan tagwaye.

Abin mamaki shi ne, rushe tsarin ya riga ba iyaye haƙƙin ƙara. A 1965 wazirin ilimi Anthony Crosland ya nemi larduna su koma makarantun gama-gari, akasarinsu suka koma, sai a 1980 aka yi dokar da ta ba iyaye damar faɗin makarantar da suke so da kuma ɗaukaka ƙara gaban kwamiti idan an hana su, shekara 36 bayan dokar Butler. Ko a nan ma kansilolin hukumar suna zama a cikin kwamitin, sai dokar 1998 ta mai da shi mai zaman kansa, ta kuma haramta buɗe sababbin makarantun nahawu. Guda 163 suka saura a Ingila, da yawansu a Kent da Buckinghamshire da Lincolnshire.

A yau uba yana da aƙalla kwana 20 na makaranta ya shigar da ƙara, kwamitin da bai gaza mutum 3 ba ya saurare shi, hukuncinsa kuma ya hau kan makarantar dole. Sai dai kwamitin ba ya sake jarraba yaro. Abin da yake nema shi ne bayyina, wato rahoton malamai da shaidar shugaban makaranta cewa yaron ya kai matsayin, da dalilin da ya sa ya kasa a ranar, kamar rashin lafiya ko rasuwa a gida, sa'an nan a auna hujjarsa da ta makaranta cewa ajujuwanta sun cika. Wannan adalci ne wanda iyayen farko ba su samu ba, ba a musu. Amma uban da ya iya alƙalami da tsara magana, ko mai kuɗin ɗaukar wanda zai tsara masa, shi ya fi cin moriyarsa, ɗan lebura kuwa, wanda aka ce dominsa aka yi dokar 1944, har yanzu shi ne ƙararsa ta fi wuyar isa gaban kwamiti.