Taswirar Munanan Ɗabi'u a Ƙasar Faransa

A shekarar 1826 wani masani mai suna Charles Dupin ya zana taswirar Faransa, ya shafa wa kowane lardi launi gwargwadon yawan yaran da ke zuwa makaranta. Inda 'yan makaranta suka yi ƙaranci sai launin ya yi duhu. Da aka duba, sai ga ƙasar ta rabu biyu. In an ja layi daga garin Saint-Malo zuwa Jeniba, arewa da gabas sun yi haske, kudu da yamma kuwa sun yi duhu. Masu ilmi na lokacin suka ɗauka magana ta ƙare: inda jahilci yake, can ne ɓarna za ta yi gida.

Wani matashin lauya, André-Michel Guerry, wanda aka haifa a garin Tours a 1802, shi ne ya auna wannan zato. Ya tattara alƙaluman da ma'aikatar shari'a ta buga na waɗanda aka gurfanar gaban manyan kotuna daga 1825 zuwa 1830. Ya haɗa su da adadin masu kashe kansu, da 'ya'yan da aka haifa ba ta hanyar aure ba, da sadakar da ake ba matalauta. Don gane masu ilmi kuwa, ya duba samarin da ake ɗauka soja, nawa ne suka iya karatu da rubutu. A 1833 ya fitar da littafinsa, larduna 86 kowane da matsayinsa.

Taswirorin ba su bi layin Dupin yadda aka so ba. Kisa da jikkata mutane sun fi yawa a kudu, tsibirin Kosika ne kan gaba. Amma sata da sauran laifuffukan dukiya sun fi kamari a arewa mai arziki da makarantu, musamman lardin Seine inda birnin Faris yake. Kashe kai ma haka. Lardin Creuse, wanda yawancin samarinsa ba su iya karatu ba, yana cikin waɗanda laifi ya fi ƙaranci. Ashe ɓarawo inda kaya suke yake zuwa. Wannan bai yi wa masu kiran a yawaita makarantu daɗi ba ko kaɗan.

Sai dai akwai abin lura. Abin da Guerry ya ƙidaya shi ne ƙarar da ta kai gaban alƙali. Rigimar da dattawan ƙauye suka sasanta ba ta shiga lissafi, haka nan satar da ba a kai ƙara ba. Saboda haka lardi yana iya fitowa fari a takarda don kawai mutanensa ba su saba da zuwa kotu ba. Guerry ya ci gaba da aikin har ya kwatanta Faransa da Ingila a wani babban littafi a 1864, shekara biyu kafin rasuwarsa.