Shaidar CISM

CISM, wato Certified Information Security Manager, takardar shaidar ƙwarewa ce da ake bai wa masu shugabantar aikin tsaron bayanai a kamfanoni, bankuna da ma'aikatun gwamnati. Ƙungiyar ISACA, wadda aka kafa a Amurka a shekarar 1969 kuma hedkwatarta ke jihar Illinois, ita ce ta ɓullo da ita a shekarar 2002. Shaidar ta bambanta da takardun da ke gwada iya sarrafa na'ura. Abin da take aunawa shi ne ko mutum zai iya tsara manufa, ya auna haɗari, ya raba kasafi, sannan ya tsaya gaban shugabannin ma'aikata ya yi musu bayani da harshen da za su gane.

Jarrabawa

Jarrabawar tana da tambayoyi 150 na zaɓen amsa, ana yin ta a kwamfuta cikin awa huɗu. Ana lissafa maki daga 200 zuwa 800, kuma sai an sami 450 ake ci. A tsarin da ya fara aiki a watan Yunin 2022, an kasa ta gida huɗu: shugabancin tsaron bayanai, kashi 17 cikin ɗari, kula da haɗari, kashi 20, tsara shirin tsaro da gudanar da shi, kashi 33, sai tunkarar ɓarna idan ta auku, kashi 30.

Cin jarrabawa kaɗai ba ya mayar da mutum mai CISM. Dole ya nuna shaidar aikin shekara 5 a fannin, ko da yake ana iya yafe masa har shekara 2 idan yana da wasu takardu ko digiri da ISACA ta amince da su. Ana ba shi shekara 5 daga ranar da ya ci jarrabawa ya cike wannan sharaɗi. Bayan ya karɓi shaidar kuma, wajibi ne ya yi aƙalla awa 20 na ƙarin ilimi kowace shekara, jimilla awa 120 cikin shekara 3, ya kuma biya kuɗin sabuntawa, in ba haka ba shaidar ta faɗi.

Horo

ISACA ba ta wajabta shiga wani aji kafin jarrabawa ba. Tana buga littafin bita da rumbun tambayoyin gwaji, akwai kuma cibiyoyin horo da ta tantance, wasu na koyarwa ido da ido, wasu ta intanet. Yawancin kwasa-kwasan gajeru ne, na 'yan kwanaki ko na ƙarshen mako, don akasarin ɗaliban ma'aikata ne.

Abin da ya fi wahalar da masu shiri shi ne sauya tunani. Injiniyan da ya saba gyara matsala da hannunsa yakan zaɓi amsar da ta fi kama da aikin injiniya, alhali tambayar tana neman abin da manaja zai fara yi. Misali, idan aka gano rauni a manhajar da banki ke biyan albashi da ita, hannun injiniya zai kai ga toshe raunin nan take. Manaja kuwa zai fara auna girman haɗarin da asarar da zai iya jawowa, ya sanar da mai alhakin manhajar, sannan a yanke shawara ko a gyara yau, ko a jira ƙarshen wata, ko a ɗauki haɗarin da sani. Sau da yawa amsoshi huɗun duk suna da ƙamshin gaskiya, ana dai neman wadda ta fi dacewa ko wadda ke zuwa farko. Shi ya sa haddar tambayoyin baya ba ta cika yin amfani ba, kuma kwas na kwana biyar ba ya maye gurbin shekarun aiki.

A Najeriya

Dokoki ne suka ɗaga darajar irin wannan shaida a Najeriya. A shekarar 2015 aka kafa dokar laifuffukan intanet, aka yi mata gyara a 2024. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron intanet da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019, inda ya umarci bankunan kasuwanci su naɗa babban jami'in tsaron bayanai, ya kuma ambaci CISM da CISSP cikin takardun da ake so jami'in ya mallaka. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba ma'aikatu awa 72 su kai rahoto idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Duk wanda zai cika wannan wa'adi sai ya kasance ya tsara wa zai kira wa, da wa zai sa hannu, tun kafin ɓarna ta zo.

Da dala ake biyan kuɗin jarrabawa. A shekarar 2024 'yan ƙungiya na biyan dala 575, waɗanda ba 'yan ƙungiya ba dala 760, ban da dala 50 na neman shaidar. Faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 ta sa wannan kuɗi ya ninka a aljihun ɗan Najeriya, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. ISACA na da rassa a ƙasar, ciki har da na Legas da na Abuja.

A kudancin Kaduna

Ɓangaren birnin Kaduna da ke kudu da kogi shi ne tsohuwar cibiyar masana'antun Arewa. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, a nan ne kuma aka kafa masana'antar kayan yaƙi ta DICON da kamfanin haɗa motocin Peugeot, can gaba kuma akwai matatar mai da aka ƙaddamar a 1980. Masaƙun sun durƙushe, amma wuraren aikin da suka rage, tare da rassan bankuna da asibitoci, suna riƙe da bayanan albashi, na abokan ciniki da na marasa lafiya a kwamfuta. A Barnawa akwai cibiyar fasaha ta CoLab da aka buɗe a 2016, inda matasa ke koyon rubuta manhaja da sarrafa bayanai. A ƙetaren kogi kuma, makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da kwalejin fasaha ta sojan sama, AFIT, suna koyar da tsaron intanet a matakin digiri.

Ga ɗalibin da ya gama irin waɗannan makarantu, CISM ba matakin farko ba ce, saboda sharaɗin shekarun aiki. Takardun share fage irin su Security+ sun fi dacewa da shi. Wanda ya cika sharaɗi yana iya rubuta jarrabawa a cibiyar da aka tantance, ko daga gida ƙarƙashin mai sa ido ta kyamara. Hanya ta biyu tana rage wahalar tafiya, sai dai tana bukatar ɗaki shiru da babu mai shiga, da wutar lantarki da intanet da ba za su yanke ba har awa huɗu.